Arziki na Allah Ne, Hanya Kuwa Amana Ce

Maganganu biyu ne suka yi ta karo a bakin mutanenmu a shekarar 2020, lokacin da aka kulle Kano saboda annobar korona. Ta farko tsohuwa ce, da ita aka raine mu: bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ta biyu kuwa a cikin kullen aka haife ta: yunwa ta fi korona kisa. Sau da yawa mutum ɗaya ne zai faɗi waccan da safe, ya faɗi wannan da yamma, kuma duka biyun har zuciyarsa. Ni sana'ata sayar da taki da iri da maganin feshi a Tudun Wada, ina noman masara a ƙasar Doguwa, na kuma zauna gaban malamai a zaure gwargwadon abin da Allah ya nufa. Tambayar da ta zauna mini a rai tun wancan lokaci ita ce: tunda Allah ya lamunce wa kowane mai rai arzikinsa, mene ne matsayin hanyar da arzikin yake biyowa? Kuma me ke wuyan mutumin da aka ba ikon rufe ta ko buɗe ta?

Bari mu tuna yadda abin ya gudana, don mantuwa ta fara cin sa. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya, a Legas. Kafin ƙarshen Maris gwamnatin Kano ta rufe iyakokin jihar. Ranar 11 ga Afrilu aka samu na farko a Kano, ranar 16 ga wata dokar kulle ta fara aiki, azumi ya riski mutane a cikin gida, sannan ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu na kulle baki ɗaya. Daga baya aka riƙa sassautawa ranakun Litinin da Alhamis na 'yan sa'o'i, don a nemo abin sawa a baka. Sai farkon Yuli aka ɗage dokar, aka kuma buɗe zirga-zirga tsakanin jihohi.

A birni kullen ya fi tsanani, babu musu. Mu a karkara ba a hana mu zuwa gona ba. Amma mu mutanen kudancin Kano mu ne bakin ƙofa. Motar da ta taso daga Legas ko Kaduna ko Zariya, ta Kwanar Dangora a ƙasar Kiru take shigowa, ta ratsa ƙasar Bebeji kafin ta ga Kura. Wadda ta taso daga Jos da Saminaka kuwa sai ta bi ta Doguwa, ta keta dajin Falgore, ta faɗo Tudun Wada. A takarda, motocin abinci da na kayan noma ba sa cikin waɗanda aka hana wucewa. A kan kwalta labari ya sha bamban: shinge bayan shinge, direba ya kwana a hanya, a wasu wuraren sai ya ba da na goro kafin a janye masa katako, kuɗin mota ya yi sama. In ma ta isa birni, manyan kasuwanni irin su Singa da Sabon Gari a rufe suke yawancin kwanaki. Babu ɗan dako, babu dillali, babu mai tayawa. Ga shi kuma lokacin ƙarshen rani ne, kayan lambu ba sa jiran kowa, ƙasar Doguwa kuwa ta riga sauran Kano samun ruwa, manomi ya yi shara yana neman taki.

Ina da gwaggo a Tudun Wada, cikin matan nan da ke sayen shanshera su turara, su shanya, su kai inji, su sayar wa 'yan kasuwar da ke zuwa daga birni. Da wannan sana'a ta aurar da 'ya'yanta. A cikin azumin nan na shiga gaishe ta, na tarar da buhuna jingine har bakin ƙofa, ga masu shanshera suna ta aike a ba su kuɗinsu. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, shinkafa ga ta a ɗakina, masu jin yunwa ga su can a birni, to me ya shiga tsakaninmu?" Na ce, "Gwaggo, hanya ce." Ta ce, "To Allah ya buɗa." A lokacin ba fari aka yi ba, fara ba ta sauka ba. Abinci yana nan, mabuƙata suna nan, abin da ke haɗa su ne ya tsinke.

Na kai maganar gaban malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, in arziki a rubuce yake, yaya shingen katako zai tsare shi?" Ya ce, "Malam, wanda ya rubuta arzikin ai shi ya rubuta masa sababi. Je ka sake duba Suratu Ƙuraishi." Sura ce gajera wadda kowane ɗan makarantar allo ya haddace, amma sai a shekarar nan na ji nauyinta. Makka kwari ne da ba a shuka a cikinsa. Da Allah ya so, da ya saukar wa mutanenta abinci daga sama, kamar yadda ya yi wa Bani Isra'ila a jeji. Sai ya ciyar da maƙwabtan Ɗakinsa ta hanyar ayarin raƙuma, tafiya ɗaya zuwa Yaman da sanyi, ɗaya zuwa Sham da zafi, ya kuma lissafa wannan fatauci da amincin hanyarsa cikin ni'imomin da ya nemi a bauta masa saboda su. Ashe hanya tana cikin arzikin kansa. Wanda ya kula da ita bai raunana tawakkalinsa ba, wanda kuma ya toshe ta ba shi da damar fakewa da cewa arziki na Allah ne.

Mu da muke kusa da Tiga bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba. Ruwan da ke kwance a bayan madatsar nan, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Audu Bako, daga sama ya sauko, babu mahalukin da zai ce shi ya yi shi. Amma kafin ya kai gonar mai shinkafa a Kadawa ko Kura ko Bunkure sai ya bi magudanar da mutane suka haƙa, ya wuce ƙofofin da mabuɗansu ke hannun mutane. In shukar na ƙasa ta bushe saboda na sama ya datse ruwa ba bisa ƙa'ida ba, babu alƙalin da zai karɓi hujjar cewa ruwa na Allah ne. Ruwan na Allah ne, mabuɗin kuma za a tambayi wanda aka damƙa wa.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsaya a kan wannan a cikin littafinsa Ihya'u. Ya bi sawun gurasa guda tun daga mai huɗa da maƙerin da ya ƙera masa garma har zuwa mai gashi, ya nuna cewa hannaye masu ɗimbin yawa ne suke taruwa kafin loma ɗaya ta kai baki. Ya kuma sanya sana'o'in da rayuwar jama'a ta dogara a kansu, irin su noma da saƙa da likitanci, cikin farillar kifaya: in kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Ni a shagona nake ganin wannan karatu. Ɗauki buhun kamfa ɗaya, irin wanda aka riƙa sayarwa N5,500 ƙarƙashin shirin takin shugaban ƙasa da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016. Fosfet ɗin cikinsa daga Maroko ake haƙo shi, fotash daga ƙasashe irin su Rasha, yuriyar daga iskar gas ake yin ta a Eleme kusa da Fatakwal, sai dutsen farar ƙasa na gida. Jirgin ruwa ya kawo, tirela ta ɗauko zuwa masana'antar haɗawa a Arewa, a ɗinke, ya zo hannun irina, sannan wani ya ɗaure shi a bayan babur ya nufi Riruwai ko Burji. Maganin ciyawar da ya rage wa manomanmu wahalar noman hannu, mafi yawansa daga Sin yake fitowa, haka injin ban ruwa da kayan gyaransa. Masarar da ake tuƙa tuwo da ita a Doguwa, akwai gumin Balarabe da Barashe da Basine a cikinta.

Akwai kuma waɗanda ba mu taɓa tunawa da su ba ko a addu'a. A watan Satumba na 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen ruwa ta ce ma'aikatan jirage kimanin 400,000 ne suka maƙale a kan teku. Wa'adin aikinsu ya cika, amma dokokin kulle sun hana a sauya su su koma ga iyalansu. Da yawansu mutanen Filifin ne da Indiya. Ba su san Tudun Wada ba, da dama ba addininmu ɗaya ba, amma da sun ajiye aiki da taki bai iso mana ba. Addininmu ya koyar da cewa godiya ga Allah ba ta cika sai da godiya ga mutane. Ina ganin wannan koyarwa ta fi faɗi fiye da yadda muka ɗauke ta: ta haɗa har da wanda ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Doguwar hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Alhassan Ɗantata a Bebeji aka haife shi a 1877, gidan fatake. Da fataucin goro ta hanyar Gwanja ya taso, ya kai har Akara ta ƙasar Gana, ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas, daga baya ya zama babban mai sayen gyaɗa bayan layin dogo ya iso Kano a 1911. Sai dai hanyar da ke kawo alheri ita ce ke kawo cuta. Murar nan mai kisa ta 1918 a jirgin ruwa ta sauka Legas, ta bi layin dogo ta yo Arewa. Don haka ba na tare da masu cewa kullen 2020 duk ƙarya ne da neman kuɗi. Mun ga yadda dattawa suka yi ta rasuwa a birnin Kano a watan Afrilu na shekarar, kuma a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika, mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da cutar. Akwai ranar da rufe hanya shi ne tsare rai, kuma tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a.

Abin koyi a nan shi ne Sayyadina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, domin jarrabawa biyu suka haɗu a zamaninsa, tsakanin shekara ta 17 da ta 18 bayan hijira. Yana kan hanyar Sham ya isa wani wuri da ake kira Sarg, aka gaya masa annoba ta ɓarke a gaba. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a juya. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara ake yi, ya nuna masa cewa komawar ma a cikin ƙaddarar Allah take. Sannan Abdurrahman bin Auf ya zo da abin da ya ji daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na hana shiga ƙasar da annoba ta sauka da hana fita daga cikinta. Wannan labari mun ji shi a rediyo da kan mumbari sau da yawa a 2020, kuma daidai ne.

Ɗayan labarin ne aka yi ƙarancin faɗa. A wannan tsakanin fari ya afka wa Hijaz, shekarar da ake kira ta toka. Mutanen ƙauye suka kwararo Madina da yunwa. Umar bai ce musu su yi haƙuri arziki na Allah ne ya koma gida ba. Ya rubuta wa gwamnoninsa, an ruwaito cewa Amr bin As ya turo abinci daga Masar, ta tudu da ta ruwa, daga baya har aka gyara tsohuwar magudanar da ta haɗa Kogin Nilu da Bahar Maliya don jiragen hatsi su riƙa isowa gaɓar Hijaz. Ya sa aka kafa tukwane ana ciyar da jama'a, shi kansa ya haramta wa bakinsa nama da man shanu har sai talakawa sun samu, ya jinkirta karɓar zakka, ya dakatar da haddin sata a kan wanda yunwa ta tilasta. Mutum ɗaya ne ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya buɗe hanyar Masar saboda yunwa. Abin da na fahimta shi ne: rufe hanya don tsare rai halal ne, wani lokaci ma wajibi, amma yana haifar da bashi. Wanda ya ce da mutane su zauna a gida, ciyar da su ta hau kansa, kuma tabbatar da cewa motar abinci da ta taki sun wuce ba tare da cin hanci ba yana cikin dokar da ya kafa.

Da wannan ma'auni za mu auna kanmu. An raba tallafi, amma a wurare da yawa bai kai ko'ina ba. A watan Oktoba na 2020 jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, suka tarar da kayan abincin tallafin korona jibge ba a raba ba. Hukumomi sun ba da nasu bayanin, fasa rumbu kuma ba abin yabo ba ne. Amma abincin da aka tara don mai yunwa, in ya kwana wata da watanni a kulle, ya riga ya saɓa wa dalilin tara shi.

Da aka buɗe, mun ɗauka wahala ta ƙare. A sana'ata kuwa buɗewar ta fi rufewar ciwo, kuma ya kamata manomi ya san dalili, don kada ya ɗora wa maƙwabcinsa laifin da ya taso daga bayan teku, kada kuma maƙwabcin ya ɓoye nasa laifin a bayan tekun. Da duniya ta tsaya cak a 2020 farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas, dalar da ke shigo wa Nijeriya ta ragu, aka karya naira daga 306 zuwa 360 a watan Maris, kafin tsakiyar 2021 ta haura 400 a farashin hukuma. Duk abin da ake shigowa da shi ya tashi. Mutanen Amurka da Turai kuma, da suka zauna a gida, sai suka juya kuɗinsu ga sayen kaya ta intanet. Masana'antun Sin suka cika da oda, kwantenoni suka taru a inda ba a buƙatarsu, suka yi ƙaranci a inda ake nema. Kuɗin ɗauko babbar kwantena, wanda bai kai dala 2,000 ba kafin annoba, ya haura dala 10,000 a watan Satumba na 2021. A watan Maris na shekarar jirgin Ever Given ya gitta a mashigin Suwes ya toshe shi kwana shida. Sin ta taƙaita aiki a tashar Yantian, ta rufe wani sashe na tashar Ningbo saboda ma'aikaci ɗaya ya kamu, a 2022 ta kulle Shanghai wata biyu.

Taki ya sha nasa dukan daban. Farashin iskar gas ya yi tashin gwauron zabi a Turai a 2021, masana'antun taki suka rage aiki. Sin ta taƙaita fitar da nata don ta wadata manomanta. Sai yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a watan Fabrairu na 2022, har Nijeriya ta koma neman fotash daga Kanada da gaggawa. A daminar 2022 buhun kamfa ya haura N20,000 a kasuwa. Na ga mutanen da suka saba ɗaukar buhu goma suna ɗaukar uku, na ga masu saye da kwano, na ga gonakin masara sun koma na dawa da waken suya. Tun kafin nan ma masara ta yi ƙarancin da ya sa masu kiwon kaji kuka: a watan Yuli na 2020 Babban Banki ya hana ba da dala don shigo da ita, zuwa Satumba aka ba kamfanoni huɗu izinin shigo da tan 262,000. A watan Maris na 2021 hauhawar farashin abinci ta kusa kashi 23 cikin ɗari.

A nan tambayar ta baro fadar masu mulki ta shigo shagona. Ina da kayan da na saro da tsohon farashi, sai waya ta zo cewa a Legas ya tashi. Nawa zan sayar? An taɓa roƙon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade farashi a Madina lokacin tsada, bai yi ba, ya mayar da lamarin ga Allah, yana gudun ya zalunci wani a dukiyarsa. 'Yan kasuwa muna son wannan hadisi. Amma shi ɗin ne ya hana ɓoye abinci don a jira tsada, ya hana tarbar fatake a bayan gari a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa, ya hana ƙara kuɗi da baki don a ruɗi mai saye. Duka ukun laifi iri ɗaya ne: mutum ya tsaya a tsakiyar hanya, ya mayar da matsayinsa tarko. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun bambanta manomin da ya ajiye abin da ya noma, da ɗan kasuwar da ya kwashe na kasuwa ya kulle har ya cutar da jama'a. Sun kuma yarda cewa in larura ta kai maƙura, shugaba yana iya tilasta a fito da abin da aka ɓoye.

Matsayar da na tsaya a kai ita ce wannan. In na sayar da farashin da zai ba ni damar sake saro wani, ban ci haram ba, domin in jarina ya narke shago ya mutu, ni ma na yanke hanya daga nawa ɓangaren. Amma in na ja ƙofa na ce babu, alhali akwai, a makon da masara ke neman yuriya kafin ta yi goyo, don na san gobe zai ƙara tashi, to na zama shinge, kuma babu bambanci tsakanina da mai karɓar na goro a kan kwalta. Haka wanda zai ba talaka buhun taki da damina, ya ƙulla masa sharaɗin buhunan masara da kaka wanda shi kansa ya san zalunci ne. Haka wanda wayarsa ta gaya masa farashin kasuwar Dawanau, ya tari tsoho a bakin ƙauye ya ce masa kasuwa ta faɗi. Haka kuma wanda ya ƙara kuɗi ranar da dala ta tashi, amma ranar da kuɗin kwantena ya sauko bai ji labari ba. Tsadar da ta zo daga teku ƙaddara ce da za mu yi haƙuri da ita. Wadda muka ƙara da hannunmu, sunanmu ne a kanta.

Wasu abokaina sun ɗauki wani darasi daban. Suna cewa abin da annoba ta koya mana shi ne mu daina dogara da kowa, mu koma takin gargajiya, mu ci abin da muka noma. Akwai gaskiya a ciki, kuma tana da asali. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da tanadi ya tsirar da Masar, ya sa aka bar hatsi a zangarniyarsa shekara bakwai. Kakanninmu ba sa taɓa rumbun bana sai na baɗi ya shigo, mu kuwa mun koyi sayar da komai da kaka mu sayo da tsada da bazara. Kashin shanun da ke kiwo a gefen Falgore, da juya gona tsakanin masara da waken suya, da adana iri mai kyau, duk suna rage mana buƙatar abin da sai ya ƙetaro teku. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafin siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da manoma da maƙera da maɗinka da sauran masu sana'a, da kwaɗaitar da jama'a su tanadi abinci, cikin ayyukan shugaba.

Amma a wuri ɗaya ya lissafa gyaran kasuwanni da hanyoyi. Tanadin Annabi Yusuf ma bai tsaya a Masar ba; 'yan'uwansa daga Kan'ana suka zo da raƙuma aka auna musu. Babu ƙasar da Allah ya tara wa komai. Muna da iskar gas, muna yin yuriya a Eleme, ga ta Ɗangote da aka ƙaddamar a Lekki a 2022, amma fotash sai mun nemo, farashin yuriyar tamu ma na duniya yake bi, domin mai saye a Burazil yana tayawa. Allah ya rarraba arziki a bayan ƙasa don mutane su buƙaci juna, buƙatar juna kuma ita ce ke haifar da haƙƙi. Rumbu da hanya ba kishiyoyi ba ne: rumbu yana riƙe ka ranar da hanya ta rufe, hanya tana ceton ka ranar da rumbu ya ƙare.

Wata annobar za ta zo, ko wani yaƙi, ko wata rufe iyaka, domin haka duniya take. Abin da nake roƙo shi ne mu shirya mata tun yanzu da fiƙihu cikakke. Mai mulki ya san cewa ranar da zai sa hannu a takardar kulle, a ranar ce zai tsara yadda abinci da taki da magani za su wuce, da yadda za a ciyar da wanda abincinsa sai ya fita yake samu. Mai tsaron shinge ya san cewa kowace awa da ya tsare motar tumatir, dukiyar wani ce take ruɓewa a hannunsa. Mu 'yan kasuwa mu haɗa kai a ƙungiyoyinmu mu hana junanmu ɓoyo tun kafin hukuma ta hana mu. Manomi ya fitar da zakkar gonarsa a garin da ya noma, ya bar wa gidansa abin da zai kai shi wata kaka. Malamai kuma, in sun karanta mana labarin Sarg a kan mumbari, su haɗa mana da na shekarar toka, domin rabin karatu shi ke sa talaka ya zaci addini ya ce ya zauna ya mutu da yunwa.

Kowannenmu yana tsaye a kan hanyar arzikin wani, ko ya sani ko bai sani ba, kuma za a tambaye shi abin da ya wuce ta hannunsa da abin da ya maƙale. Allah ya sa mu zama mabuɗan alheri ga bayinsa, ya tsare mu daga annoba da yunwa, ya kuma tsare bayinsa daga sharrin hannayenmu.